TCAS II, TAS ko ADS-B: wanne ya dace da jirgin da ke tashi daga Bauchi ko Gombe?

Ƙa'idar tashi da ido, wato matuƙi ya dogara da abin da yake gani ta gilashi, tana neman a iya hangen aƙalla kilomita 5 idan ana ƙasa da ƙafa 10,000. Duk wanda ya san hunturun Bauchi da Gombe ya san akwai ranakun Disamba zuwa Fabrairu da da ƙyar ake cika wannan sharaɗi. To a ɗauki irin wannan rana. Ƙaramin jirgi ya taso daga filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum ya nufi gabas yana hawa, wani kuma da ya fito daga filin Gombe da ke Lawanti ya fara saukowa, kowanne yana gudun mil 120 a awa. Mil a bakin ma'aikatan jirgi mita 1,852 ne, kuma shi muke nufi a duk inda muka ambace shi. Tazarar da ke tsakanin jiragen biyu tana raguwa da mita 123 a kowane sakan. Idan sun hangi juna a iyakar kilomita 5, suna da sakan 40. Amma farin jirgi a cikin farin hazo ba a iyakar gani ake hango shi ba. In sai da ya matso kilomita 2 aka gan shi, saura sakan 16. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga hango abu, zuwa gane jirgi ne, zuwa yanke shawara, zuwa jirginka ya amsa linzami, ana buƙatar sakan 12.5. Ga kuma wani abin: jirgin da zai yi karo da kai ba ya motsi a gilashi, girma kawai yake yi a wuri ɗaya, shi ya sa ido ke tsallake shi.

Saboda wannan ne ake sa wa jirgi allon da ke nuna sauran jiragen da ke kewaye da shi. A bakin mutane duk sunansu ɗaya, TCAS, amma a kasuwa iri huɗu ne: TCAS II, TAS ko TCAS I, ADS-B In, da na'urar hannu ta ɗora-a-gilashi, kuma ba a kyan allo suka bambanta ba. Bambancin yana cikin amsar tambaya ɗaya: wane jirgi na'urar take iya gani, wanne ne kuma zai wuce ta gefenka allon yana nan fes kamar babu kowa? Wanda zai sa hannu a takardar saye, mai jirgin shata ne, jami'in gwamnatin jiha ne, kamfanin feshin maganin tsuntsayen jan-baki ne ko mai helikwafta, da wannan tambayar ya kamata ya fara, domin amsarta a sararinmu ta sha bamban da ta Amurka, inda ake rubuta yawancin tallan waɗannan na'urori.

Abin da jami'in kula da zirga-zirga yake gani a nan

Sararin Najeriya gaba ɗaya yana ƙarƙashin yankin da ake kira Kano FIR, kuma hukumar NAMA ce ke kula da zirga-zirgar cikinsa. A 2010 aka ƙaddamar da shirin rada na TRACON, wanda ya kafa na'urori a Legas, Abuja, Kano da Fatakwal, da wasu a Maiduguri, Numan, Ilorin, Talatar Mafara da Obubra. Bauchi da Gombe ba sa cikin wannan jeri. Ita kuwa rada ba ta ganin abin da doron ƙasa ya kare mata. Jirgin da ke ƙafa 3,000 sama da eriyarta yana ɓace mata bayan kimanin mil 67, wanda ke ƙafa 10,000 kuma bayan mil 123. Daga Durum zuwa filin jirgin Kano kusan mil 120 ne, daga Lawanti zuwa Numan ya ɗan haura 80. Ke nan jirgin da ke kan Bauchi sai ya yi sama da eriyar Kano da kusan ƙafa 10,000 kafin ta fara ganinsa, wanda ke kan Gombe sai ya haura 4,500 kafin ta Numan ta kama shi, wannan ma in babu dutse a tsakani.

Ƙasa da haka, jami'in kula da zirga-zirga, wanda ma'aikata ke kira kwanturola, yana raba jirage ne da abin da matuƙa suka faɗa masa a rediyo: ina kake, tsayi nawa, ƙarfe nawa za ka isa wuri kaza. Tsari ne mai aiki, an daɗe ana tafiya da shi lafiya, sai dai ya rataya ne a kan kowa ya faɗi daidai ya kuma ji daidai. A wannan ɓangaren sama ne ƙananan jirage ke haɗuwa da manyan jiragen alhazai masu sauka da tashi, da kuma na Sojin Sama, waɗanda hedkwatar rundunarsu ta ayyuka na musamman take a Bauchi.

Duka huɗun saurare suke yi

Babu ɗaya daga cikin na'urorin nan da ke ganin ƙarfen jirgi. Abin da suke ji shi ne muryar wata na'ura da ke cikin ɗaya jirgin, tiransifonda. Ana kiranta a megahaz 1030, ta amsa a 1090. Mai Mode A lambobi huɗu kawai take bayarwa. Mai Mode C tana ƙara tsayin jirgi a matakan ƙafa 100. Mai Mode S tana da lambar shaida ta dindindin, tana iya ba da tsayi a matakan ƙafa 25, tana kuma iya musayar saƙo da wani jirgin. Idan aka ƙara mata ADS-B Out, ba ta jiran a kira ta: kusan sau biyu a sakan tana shelanta inda GPS ya ce take, tana haɗawa da gudunta, inda ta dosa da sunan jirgin.

Jirgin da ba shi da tiransifonda, ko aka kashe ta, ko aka mance ta a STBY, wato a kunne amma ba ta amsawa, babu shi a kowane irin allo. Haka shaho da ungulu da ƙananan jirage marasa matuƙi. Ranar 29 ga Satumba 2006 a Barazil, Boeing 737 na kamfanin Gol ya yi karo da Embraer Legacy a ƙafa 37,000, mutum 154 suka mutu. Jiragen biyu sababbi ne, dukansu suna da TCAS, amma tiransifondar Legacy ba ta amsawa a lokacin, don haka babu allon da ya ce uffan.

Shi ya sa shawararmu ta farko ba ta shafi allo ba ma. Wanda kuɗinsa abu ɗaya zai iya saye, ya sayi tiransifonda Mode S mai ADS-B Out, ya kuma bar ta a ALT, matsayin da take ba da tsayi, daga tashi har sauka. Da ita ne babban jirgin alhazai zai gan ka ya kauce maka ko da kai ba ka gan shi ba.

TCAS II

Wannan ne kaɗai yake ba matuƙi umarni. Yana kiran tiransifondojin da ke kusa kusan sau ɗaya a sakan, ya auna nisa daga lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo, ya karanta tsayin da aka ba shi, ya lissafa sakan nawa suka rage a haɗu. Da lokaci yake aiki, ba da nisa ba. A allo, jirgin da babu damuwa da shi yana fitowa da siffar daimon irin ta karta, cikinsa fayau. Idan ya shigo cikin mil 6 da ƙafa 1,200 sama ko ƙasa, daimon ɗin ya cika. Idan saura sakan 20 zuwa 48, gwargwadon tsayin da ake, ya koma da'ira ruwan ɗorawa, murya ta ce "Traffic, traffic". Wannan shi ne TA, gargaɗi ne kawai: a ɗaga kai a duba, a shirya. Idan saura sakan 15 zuwa 35, ya zama jan murabba'i, murya ta ce a hau, ko a sauka, ko a daidaita. Wannan shi ne RA. Lambar da ke jikin alamar, misali +05, tana nufin jirgin yana sama da kai da ƙafa 500, kibiya kuma tana fitowa idan yana hawa ko sauka da fiye da ƙafa 500 a minti.

Lissafin RA an gina shi ne a kan matuƙi zai amsa cikin sakan 5, ya kai hawa ko saukar ƙafa 1,500 a minti, a hankali ba da fizga ba. Idan na'urar ta ce a ƙara, ko ta juya umarni, sakan 2.5 ne. Yawanci kaucewar ƙafa 300 zuwa 500 ta wadatar. Idan jiragen biyu suna da TCAS II, suna daidaitawa ta hanyar Mode S, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Idan ɗayan Mode C kawai gare shi, mai TCAS II zai kauce shi kaɗai. Idan ɗayan ba ya ba da tsayi, TA kawai za a samu.

Sama da ƙasa kawai yake ba da umarni, ba ya taɓa cewa dama ko hagu, kuma akwai dalili. Nisa da tsayi yana auna su da kyau, amma ta wane ɓangare jirgin yake, eriyar saman jirgi ce ke ƙiyastawa, kuskurenta yawanci bai wuce digiri 5 ba amma yana iya haura 30. Allon kuma ba taswira ba ce a tsaye, tafiya yake yi da jirginka. Jirgin da ke gitta hanyarka a miƙe da gudu irin naka, a allo za ka ga yana zuwa a karkace. Matuƙin da ya juya don kauce wa abin da ya gani a allo yana iya juyawa ya nufi jirgin da kwanturola ya riga ya raba su.

Najeriya ta biya tsadar wannan darasi. Ranar 7 ga Nuwamba 1996, Boeing 727 na kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal yana saukowa Legas ya fuskanci wani jirgin da ya taso daga can. TCAS ya yi gargaɗi, aka karkata jirgin da ƙarfi don kaucewa har ya ƙwace wa matuƙa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Mutum 144 suka rasu, cikinsu har da Farfesa Claude Ake. Jiragen ba su taɓa juna ba. Shekara shida bayan haka, ranar 1 ga Yuli 2002, a saman Überlingen ta Jamus, TCAS ya ce wa matuƙan Tupolev 154 su hau, kwanturola ya ce su sauka, suka bi kwanturola, suka faɗa hanyar Boeing 757 na DHL wanda shi ma yake sauka bisa umarnin na'urarsa. Mutum 71. Bayan wannan ne ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta fayyace cewa idan RA ya saɓa da umarnin kwanturola, RA ake bi, aka kuma fito da siga ta 7.1, wadda ta gyara yadda na'urar ke juya umarni, ta maye gurbin tsohuwar muryar da ke rikita matuƙa da "Level off, level off". Tun 1 ga Janairu 2017 ICAO take neman kowane TCAS II ya kasance a wannan siga. Wanda zai sayi jirgi na hannu ya duba wannan kafin ya biya.

Wa ya wajaba a kansa? A ƙa'idar ICAO ta jiragen kasuwanci, tun 2005, duk jirgi mai injin tabain da nauyin tashinsa ya haura kilo 5,700 ko yake ɗaukar fasinja fiye da 19. King Air 350 mai kilo 6,804 ya shiga, King Air 200 mai kilo 5,670 ya tsaya ƙasa da layin kaɗan, Cessna Caravan bai kai kilo 4,000 ba. Abin da zai yi hukunci a kan jirgi mai rajistar Najeriya, wato 5N, shi ne Sashe na 7 na dokokin NCAA, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa, wanda ya shafi kayan aikin jirgi, a karanta sigar da ke aiki.

Ga wanda bai wajaba a kansa ba, TCAS II sau da yawa ba shi ne zaɓin da ya dace ba, ko da akwai kuɗin. Yana neman tiransifonda Mode S mai eriya sama da ƙasa, da na'urar auna tsayi daga ƙasa ta rediyo, da allon da zai nuna ja da kore a ma'aunin hawa da sauka. Ƙasa da kimanin ƙafa 1,000 daga doron ƙasa ba ya ba da RA ko kaɗan, ke nan jirgin feshi da helikwaftan da ke yini a ƙasa-ƙasa sun biya kuɗin abin da ba za su samu ba. Sannan ga batun ƙarfin inji. Bauchi tana kusan ƙafa 2,000 sama da teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, fiffike da inji suna jin iskar kamar ta ƙafa 5,500. Ƙaramin jirgi mai fistin ɗauke da kaya ba zai ba da ƙafa 1,500 a minti a irin wannan rana ba.

TAS da TCAS I

Waɗannan ƙannen TCAS II ne. Su ma suna kira a 1030 su saurari amsa, don haka suna ganin Mode A da C da S, ko ɗayan jirgin yana da ADS-B ko babu. Gargaɗi kawai suke yi, ba umarni. Sababbin cikinsu suna faɗin ɓangare da lissafin fuskar agogo, misali ƙarfe biyu, sama, mil biyu, wanda yake sa matuƙi ya kai ido wurin da ya dace ba tare da ya sunkuya ba. Garmin yana da jerin GTS, Avidyne yana da jerin TAS600, akwai kuma tsohon Skywatch a jirage da yawa na hannu. Ƙananan cikinsu ba sa kira da ƙarfi, nisan ganinsu bai kai na manyan ba, amma ga jirgi mai gudun mil 120 zuwa 180 ya isa.

Ƙarfinsu biyu ne, kuma duka biyun sun shafe mu. Ba sa jiran wata tashar ƙasa, kuma awon nisansu bai dogara da GPS ba. Rauninsu shi ne na babban wansu: ɓangaren da suke nunawa ƙiyasi ne, alamar tana tsalle idan jirginka ya karkata, ba sa nuna inda ɗayan jirgin ya dosa. Fiffike da gangar jirgi suna kare eriya, shi ya sa mai eriya sama da ƙasa ya fi mai eriya ɗaya, musamman ga jirgin da ke zuwa ta ƙarƙashinka. A kusa da fili kuma suna yawan kuka a kan jiragen da ka riga ka gani, har matuƙi ya fara toshe kunne. Kuɗinsu da na ɗaurawa yakan haura dala dubu goma.

ADS-B In

Wannan ba ya kira, shelar ADS-B Out ta sauran jirage kawai yake karɓa, kuma a nan ne allon ya fi kyau. Tunda kowane jirgi shi yake faɗin inda yake, alamar tana zama daidai a kan taswira, da kan kibiya mai nuna inda ya dosa, da sunansa da gudunsa. Matuƙi yana jin kwanturola yana magana da wani jirgi, ya duba allo ya ga sunan. Yana gani daga nesa sosai, kuma na'ura ɗaya irin GTX 345 ta Garmin ko Lynx NGT-9000 tana haɗa tiransifonda, ADS-B Out da In a akwati ɗaya, da kuɗin da bai kai na TAS ba.

To ga tarkon. Tallan da za ka karanta zai ce na'urar tana karɓar mita biyu, 1090 da 978, tana nuna jiragen da ba su da ADS-B, tana kawo yanayin sama kyauta. Duk gaskiya ne, amma a Amurka. Can ne aka wajabta ADS-B Out tun 1 ga Janairu 2020 a mafi yawan sararin da ke da cunkoso, can ne ake amfani da megahaz 978, can ne kuma tashoshin ƙasa ke ɗauko abin da rada ta gani su aika wa ƙananan jirage, hidimar da ake kira TIS-B. A saman Alƙaleri ko Dukku babu mai aiko maka da wannan. Abin da za ka gani shi ne jiragen da ke shela a 1090 da kansu. Manyan jiragen fasinja na zamani za su fito tun daga nesa, su da ma suna ganinka da TCAS ɗinsu. Wanda ba zai fito ba shi ne tsohon jirgi mai Mode C da ke tsayinka, wato ainihin wanda kake tsoro.

Rauni na biyu GPS ne. Idan aka toshe siginar ko aka gurɓata ta, abin da jirgi ke shelantawa ya lalace. Najeriya kuma tana yankin da saman iska ke dagula siginar tauraron ɗan'adam bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Satumba. Na uku, jirgin da aka haɗa wa GPS marar takardar inganci yana shelanta cewa matakin amincinsa sifili ne, wasu na'urorin da aka amince da su kuma ba sa nuna irinsa.

Na ɗora-a-gilashi da iPad

Stratus, Sentry, GDL 50 da ire-irensu na'urorin hannu ne masu karɓar ADS-B, kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, ba sa neman injiniya, ana manna su a taga su aika hoto zuwa manhajar ForeFlight ko Garmin Pilot da ke kan iPad. Duk raunin ADS-B In suna da shi, sun kuma ƙara nasu. Eriyar tana cikin jirgi, gangar ƙarfe tana kare mata rabin sama. Kamfanin Apple ya ce iPad yana aiki ne tsakanin digiri 0 da 35, ɗakin matuƙi a bazarar Gombe kuwa ya wuce haka tun kafin a tayar da inji, kuma allon yana ɗaukewa ne ba sallama. Idan ba a shigar da lambar jirginka a manhajar ba, za ka ga wani jirgi manne da kai, alhali inuwarka ce.

Mafi haɗari shi ne tsayi. Sauran jirage suna ba da tsayin matsin iska ne bisa ma'aunin bai-ɗaya na 1013, ita kuwa na'urar hannu, idan ba ta da ma'aunin iska mai kyau, da tsayin GPS take kwatantawa. A iska mai zafi biyun suna rabuwa da kimanin ƙafa 4 a kowace ƙafa 1,000 a kowane digiri ɗaya. Ƙafa 6,000 sama da fili, iska ta ɗara ma'auni da digiri 20, bambancin ya kai ƙafa 480. Jirgin da allon ya ce yana ƙasa da kai da ƙafa 500 yana iya kasancewa daidai da kai. Araha ba ta ado. A riƙe ta a matsayin ƙari, kada a lissafa ta a matsayin kariya. Shi kuwa Flightradar24 da ake dubawa a waya, na masu jiran baƙi ne a fili: yana da jinkiri, yana neman intanet, ya kuma dogara da masu karɓar sigina a ƙasa. FLARM na asali kuma, wata na'urar gargaɗin karo ta Turai, ɗan'uwansa kawai yake gani, ba shi da amfani inda ba kowa ke da shi ba.

Allon da kwanturola: ina iyakar kowa

Wannan ne wurin da matasan matuƙa suka fi zamewa, har waɗanda suka fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da sakamako mai kyau. Raba jirage aikin kwanturola ne. Shi ya san izinin da ya ba kowa da abin da kowa zai yi nan da minti biyar, allonka kuwa abin da ke faruwa yanzu kawai ya sani. Jirgin da kake gani yana hawowa wajenka wataƙila an ce ya tsaya ƙafa 1,000 ƙasa da kai. Don haka ba a canja hanya ko tsayi saboda TA ko saboda hoton allo. Idan kwanturola ya sanar da kai jirgi, amsa biyu ce: ka gan shi da ido, ko ba ka gan shi ba. Cewa "ina da shi a TCAS" ba ta ba shi damar rage tazara, cika rediyo kawai take yi.

Inda allon ke da amfani na gaske a sararin da babu rada shi ne kama kuskure da wuri. Ka ga wani a tsayinka yana nufo ka daga mil 20, ba ka ji an ambace shi ba, sai ka ɗauki rediyo ka tambaya. RA ne kaɗai ke sauya tsarin: matuƙi ya bi shi nan take, ya ce "TCAS RA", daga nan kwanturola ya daina ba shi umarnin hanya, nauyin rabawa ya sauka daga kansa, har sai matuƙi ya ce "Clear of conflict" ya koma izininsa. Akwai kuma RA da matuƙa ke jawowa da hannunsu: hawa da ƙafa 3,000 a minti zuwa tsayin da aka ba ka alhali akwai wani a ƙafa 1,000 sama. Na'urar ba ta san za ka tsaya ba. ICAO ta ba da shawarar a rage zuwa ƙasa da 1,500 a minti a ƙafa 1,000 na ƙarshe idan an san da maƙwabci.

Akwai tsare-tsaren da ake damƙa wa matuƙi wani ɓangare na riƙe tazara ta hanyar ADS-B In, kamar ITP a saman teku da CAVS wajen bin wani jirgi zuwa sauka. Suna neman na'ura ta musamman da horo da izinin hukuma, ba abin da mai Caravan zai saya saboda su ba ne.

To wanne?

Jirgin da doka ta kama, TCAS II siga 7.1, babu ciniki. King Air 200, Caravan na haya, helikwafta, da duk jirgin da ke ɗaukar mutane ta cikin hazo da gajimare tsakanin Bauchi, Gombe, Jos, Yola da Kano: TAS ko TCAS I haɗe da ADS-B In. Na'urorin yanzu suna haɗa bayanan biyu su fitar da alama ɗaya, kira ya kamo mai Mode C, shela ta ba da daidaiton wuri. Idan dole sai ɗaya, a sararinmu mai kira muke zaɓa a kan mai saurare kawai, duk da allonsa bai kai kyau ba. Ƙaramin jirgin koyo ko na nishaɗi da ke tashi da rana: tiransifonda mai ADS-B Out da In a fanel, na hannu a matsayin ƙari. Jirgin feshi: tiransifonda a kunne, rediyo, da sanar da hasumiya yankin aiki da lokacinsa.

Abin da ke lalata aikin bayan an saya

Ɗaurawa gyara ne ga jirgi, sai da takardar amincewa da gyaran, wato STC, da ta ambaci samfurin jirgin, a kamfanin gyara da NCAA ta amince da shi. Eriyar da ke gane ɓangare tana da wayoyi da dole tsawonsu ya yi daidai da abin da littafin ya ce. Idan aka musanya biyu, jirgin da ke dama zai fito a hagu, gwajin kunnawa kuma ba lallai ya kama wannan ba. A goge fenti a ƙarƙashin eriya don ta haɗu da ƙarfen jirgi, a rufe gefenta da kyau, domin ƙurar hunturu da ruwan damina suna cin mahaɗan waya, alamomi su fara ɓacewa suna dawowa. Wayar da ke hana na'urar auna nisa ta DME da tiransifonda da na'urar kira yin magana lokaci ɗaya, in an mance ta, jirgi zai riƙa ganin kansa. Muryar gargaɗin ƙasa dole ta danne ta gargaɗin jirage, a gwada a ji.

Jirgin da aka sayo daga waje sau da yawa yana zuwa da lambar Mode S ta tsohuwar rajistarsa. Da zarar ya koma 5N, a karɓi sabuwar lamba daga NCAA a shigar. Sunan da tiransifonda ke shelantawa ya dace harafi da harafi da abin da aka rubuta a gurbi na 7 na takardar shirin tafiya, a gurbi na 10 kuma a sa B1 idan Out kawai ne, B2 idan da In.

Tsayin da kake bayarwa daga ƙananan ramukan iska na gefen jirgi yake fitowa. Zanzaro yana gina gidansa a irin waɗannan ramuka cikin kwanaki kaɗan idan jirgi yana ajiye ba murfi, kuma ramin da ya toshe yana sa kowane TCAS da ke kusa ya yi lissafi da tsayin ƙarya. A tsofaffin jirage, waya ɗaya da ta tsinke tsakanin ma'aunin tsayi da tiransifonda tana iya sauya lambar da ɗaruruwan ƙafa ko dubbai, matuƙi kuma ba zai gani a agogonsa ba. A ƙa'idar Amurka ana gwada tiransifonda duk wata 24, a nan a bi jadawalin gyaran da aka amince wa jirgin. Ranar gwajin a sanar da hasumiya tukuna, a rufe eriya da murfin gwaji, domin idan injiniya ya hura ma'aunin zuwa ƙafa 20,000 jirgin yana cikin rumfa, wanda ke wucewa ta saman Durum a wannan tsayi zai ga jirgi a gabansa, har na'urarsa ta ba shi RA.